Na je dutsen Afi na ga birai, na dawo da tunanin dajin Kuyambana

Ɗan Aliero:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyu kun ji ni shiru, ina kudu ne. Waɗanda suka san ni sun san albasa nake kaiwa Ikom da Kalaba, bana shekara bakwai ke nan ina bin hanyar. A wannan zuwan motarmu ta lalace a Ikom bayan mun sauke kaya, aka ce sai an aiko da ƙarfen daga Anaca, ga kwana huɗu a gabana ba aikin fari ba na baƙi. Wani yaro da ke taya mu sauke buhuna, ɗan ƙabilar Boki, ya ce mini, Alhaji tunda zama ya kama ka, zo mu je wajenmu ka ga birai. Da farko ban ɗauki maganar da nauyi ba, ina ganin wane biri ne ban taɓa gani ba. Amma na bi shi.

Daga Ikom muka kama hanyar Obudu, muka sauka a wata mararraba, daga nan sai kabu-kabu a hanyar jan laka har kusa da wani ƙauye da ake kira Buanchor, a gindin dutsen Afi. Wallahi tunda nake ban taɓa shiga daji irin wannan ba. Mu abin da muke kira daji, kana ciki kana ganin sama. Can kurmi ne, da rana tsaka sai ka ce magariba ta gabato, ƙasa a jiƙe, ko'ina kukan tsuntsaye da ƙwari, itatuwa kuwa akwai wanda mutum huɗu ba za su rungume gindinsa ba. Gwamnatin Kuros Riba ce ta keɓe dutsen a shekarar 2000 ya zama mafakar namun daji, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 100.

A gefen mafakar akwai inda ake renon wani irin biri da suke kira diril. Wasu Amurkawa biyu, Liza Gadsby da Peter Jenkins, su suka fara aikin a cikin garin Kalaba a 1991, daga baya suka buɗe wannan na daji. Ba keji ba ne irin na gidan zu. Yanki ne na kurmin aka kewaye da waya mai lantarki, birai na ciki garke-garke, ɗaruruwa, suna hawa itatuwansu suna sauka. Namijin diril ƙato ne, fuskarsa baƙa wul tana ƙyalli kamar an shafa mata mai, farin gashi ya kewaye ta, wutsiyarsa guntuwa kamar ɗan yatsa, bayansa kuma ja da shuɗi kamar an rina. A duk duniya ba a samun shi sai a Kuros Riba, da kudu maso yammacin Kamaru, da tsibirin Bioko. Akwai kuma cimfanzi, wasu manyan birai marasa wutsiya, a wani ɓangaren, waɗanda idan suka kafe ka da ido sai ka ji kamar za su yi magana.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar wani mai kula da su. Na tambaye shi ina suka samo su da farko. Ya ce marayu ne. Maharbi ya harbe uwar don nama, ɗan yana manne a ƙirjinta ba ya saki ko ta mutu, sai a ɓamɓare shi a kai gari a sayar. Yana faɗa sai na tuna 'yan biran da muke gani a kasuwar Jega ɗaure da sarƙa a hannun masu wasa, yara na bin su suna dariya, ni ma na sha tsayawa kallo har in jefa musu kuɗi. Ban taɓa tambayar kaina ina uwarsu ba.

Na biyu kuma, da na dawo na kwanta, sai tunanin dajin Kuyambana na wajen Dansadau a Zamfara ya zo mini. Ashe mu ma muna da namu gandun namun daji. Yau wa ke iya zuwa? Ina son manyan da ke gidan nan su gaya mana yadda aka yi.

Malamar Firamare:
Wa alaikumus salam. Sannu da hanya Alhaji, Allah ya sa an sayar da riba. Na karanta har ƙarshe jikina ya yi sanyi a wajen maganar marayun nan. Amma ka ga gwaggon birin da ake faɗa kuwa? Na taɓa ji a rediyo cewa a can yake.

Ɗan Aliero:
Amin Malama, na gode. Ban gan shi ba, kuma sun ce kada in sa rai. Gorila yana can saman dutsen, yana gudun mutum ƙwarai saboda an daɗe ana farautarsa. Har masu gadin da ke kwana a dajin galibi shimfiɗar ganyen da ya kwana a kai suke gani da kashinsa, da su suke ƙiyasta yawansa.

Ɗalibin Gandun Daji:
Bari in ƙara a kan wannan, don fannin da nake karanta ke nan. Matsalarmu a Hausa kusan duk babban biri muna ce masa gwaggon biri, alhali sun bambanta. Wanda muke da shi a nan arewa, mai dogon baki kamar na kare, wanda ya cika Yankari, shi ne bika. Gorila daban ne, ba shi da wutsiya ma sam, haka cimfanzi. Irin gorilar da ke Kuros Riba shi ne mafi ƙaranci a duniya, waɗanda suka rage ba su kai 300 ba, a warwatse a duwatsun iyakar Najeriya da Kamaru. Akwai lokacin da masana suka ɗauka ya ƙare a ɓangarenmu, sai a shekarun 1980 aka tabbatar yana nan. A 2020 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta fitar da hotunan da kyamarar da aka ɗaura a jikin itace ta ɗauka a duwatsun Mbe, maƙwabtan Afi, aka ga garke guda har da jarirai a bayan iyayensu. Waɗannan duwatsun na Mbe ma ba gwamnati ke riƙe da su ba, ƙauyuka tara ne suka haɗa kai suke tsaronsu.

Ɗan Dansadau:
Ku yi mini afuwa, amma ba zan iya yin shiru ba. Alhaji, ka ce ka tuna Kuyambana. Ni ba tunawa nake ba, a bakinsa aka haife ni. Yau shekara biyar ina Gusau a ɗakin haya da mata da 'ya'ya shida da tsohuwata, gonar ubana tana can ta koma saura. Ƙanena da muke ciki ɗaya a cikin wannan dajin aka riƙe shi wata uku, sai da muka sayar da shanun noma da babur kafin ya fito, har yau ba ya barci sosai. Sannan in buɗe waya in ga ana tausayin ɗan biri don an kashe uwarsa. Marayun mutane nawa ke yawo da roba a tashar Gusau? Wa ya kewaye musu wuri yana ba su ayaba safe da yamma? Ba ina zagin kowa ba ne, amma wannan hira ta waɗanda suka kwana lafiya ce.

Ɗan Aliero:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yayana, Allah ya ba ku haƙuri, ya mayar da ku gida lafiya, ya ba ƙanenka sauƙi. Wallahi ban kawo maganar nan don in fifita dabba a kan mutum ba. Da za a ce in zaɓa, ai babu zaɓi. In maganata ta sosa maka ciwo ka yafe mini.

Uwar Marayu:
Ni ina bayan ɗan uwana na Dansadau. Kuɗin da Turawa ke kashewa a kan birai da a kan yaranmu suka kashe da ya fi.

Baba Tsohon Mai Gadin Daji:
Salamu alaikum ɗiyana. Jikana ne ka rubuta mini, ni idona ba shi ganin ƙananan baƙaƙen ga. Ɗan Dansadau, ka yi gaskiya, kuma wanda wuta ta ƙona shi ya san zahinta. Amma ka saurare ni, don na ci shekara ashirin da wani abu ina aikin gandun daji, kuma wani yanki na aikin a wannan dajin naku na yi shi.

Sadda munka fara aiki, Kuyambana gandu ne da doka. Akwai iyaka, akwai hanyar sintiri, akwai sansani inda muke kwana. Dajin ya haɗe da Kamuku ta wajen Birnin Gwari, namu suna ƙetarawa daga nan zuwa can. Na ga gwanki da idona, na ga kanki, na ga mugun dawa da 'ya'yanta a jere wutsiya sama, na taka sawun giwa. Bika kuwa ba a magana, da asuba haushinsu ka tashe mu daga kan duwatsu. Ba mu da yawa, bindigoginmu ma tsohhi ne, amma duk wanda ya shiga dajin ya san akwai mai tambaya tai mi ya kawo shi. Bafulatani da shanu mun san shi, mun san ardonsa. Mai zuma mun san shi. Baƙon huska in ya kwana biyu, labari ya iske mu.

Daga baya abin ya fara lalacewa sannu-sannu. Wanda ya yi ritaya ba a maye gurbinai. Motar sintiri ta mutu ba a gyara ba. Sansani ya rushe. Sai masu farauta da mota sunka shigo, sai masu zarto, sai masu gawayi. Namu sunka ƙare ko sunka gudu. Sadda dajin ya zama babu mai shiga da sunan hukuma, ɓarayin shanu sunka gane wuri ne da za a ɓoye garke ba mai gani. Daga satar shanu anka koma satar mutane. Ni a ganina, ranar da gwanki ya rasa mai tsaronai, ranar ce ƙanenka ya rasa nashi, ba mu dai gane ba sai bayan shekaru. Shi ya sa ban ɗauki zancen Alhaji a matsayin zancen birai kaɗai ba.

Ɗan Dansadau:
Baba, Allah ya ƙara girma, ya ba da lafiyar ido. Na ji, kuma ba zan musa abin da ka gani da idonka ba. Amma ko da masu gadi ɗari ne a lokacin, da tsofaffin bindigogi za su tare mutanen da ke yawo da irin makaman da muka gani? Abin ya fi ƙarfin gandun daji. Akwai rikicin burtali da gonaki, akwai zaluncin da aka yi wa juna tsakanin makiyaya da 'yan sa kai, akwai zinare, akwai makaman da ke shigowa ta iyaka.

Baba Tsohon Mai Gadin Daji:
Awo ɗana, duk akwai su, ban ce gandu kaɗai ne sanadi ba. Yau kam mai gadin daji ba shi iya komi, aikin soja ne. Amma ba da manyan makamai sunka fara ba. Sun fara su biyar su shida da adda da bindigar toka. A wannan lokacin ido kaɗai ya isa. Icce tun yana ɗanye aka tanƙwara shi.

Manomi daga Wasagu:
Ni kuma ta wani ɓangare zan zo. Duk wanda ke yabon biri bai taɓa noma masara a bakin dutse ba. Jan biri da bika in suka sauko gona da safe, kafin ka iso sun karya rabin kadada, kuma ba ci suke yi duka ba, su ɓare su gatsa su yar. Gyaɗa kuwa tonewa suke tun ba ta nuna ba. Lokacin da masara ta fara goyo yarana biyu ba sa zuwa makaranta, suna kan rumfa da gwangwani da majajjawa tun asuba har faɗuwar rana. To a gaya mini, in an ce kada in kashe, wa zai biya ni? Su mutanen Boki ɗin ba sa noma ne?

Ɗan Aliero:
Suna noma sosai, koko da ayaba da rogo. Na yi wa yaron da ya kai ni irin wannan tambayar. Ya ce abincin da ake ba biran renon daga hannun manoman ƙauyukan ake sayensa, na ga mata da idona suna kawo ayaba da gwanda a kai ana aunawa ana biyansu. Ma'aikatan wurin ma yawancinsu 'yan yankin ne, har da waɗanda da farauta suke yi. Amma bai ɓoye mini ba, ya ce ba kowa ke jin daɗi ba. Akwai masu ganin an hana su faɗaɗa gona, akwai masu shiga a ɓoye su ɗana tarkon waya, kuma ni kaina na ji ƙarar injin yanka katako daga nesa, na kuma haɗu da motocin katako a hanya.

Manomi daga Wasagu:
To ka gani. Su ana sayen ayabarsu. Ni babu mai sayen komai a hannuna saboda biri, asara kawai.

Ɗalibin Gandun Daji:
Kawu, maganarka gaskiya ce, kuma a karatunmu ma an yarda cewa duk tsarin kare namun daji da ya bar manomi da asara shi kaɗai ba ya ɗorewa. Sai dai a raba abu biyu. Bika da jan biri ba su cikin haɗarin ƙarewa kamar diril da gorila, babu mai cewa ka zuba musu ido su cinye gonarka. Abin lura kawai shi ne me ya sa suka fi saukowa yanzu. Kanya da ɗinya da tsamiya da kaɗanya da suke ci a daji, nawa suka rage? Buhunan gawayin da ake jerawa a bakin titi daga jikinsu suke fitowa. Madobiya kuma an kwashe ta da tireloli an kai Sin. Sannan damisa da ke rage yawan bika ta ɓace. Biri bai da abinci a sama, bai da abin tsoro a ƙasa, ga masara a fili. Kuma su ɗin ne ke shuka dajin, su ci 'ya'yan itace a nan su kasayar da ƙwallon a can. A kurmi irin na Afi akwai itatuwa masu manyan ƙwallaye da ba mai iya ɗaukar irinsu nesa sai manyan birai da giwa.

Manomi daga Wasagu:
Na ji bayaninka yaro, Allah ya ba da sa'ar karatu. Gawayin kam ni ma ina ƙinsa, ya cinye mana inuwa. Amma bana ma yarana za su hau rumfa.

Mai Shago a Argungu:
Jama'a tun jiya nake karantawa na kasa rubutu. Akwai ɗan jan biri a gidana yanzu haka. Shekara biyu da suka wuce wani ya zo da shi ƙofar shagona, ɗan ƙarami kamar kyanwa, ɗana ya ɗora kuka sai na saya masa. Da farko da cokali muke ba shi madara, yana kwana a cikin kwali, yana riƙe rigar matata ba ya saki. Yanzu na gane dalilin riƙon nan. Ya girma, ya fara cizo, makon jiya ya ciji 'yar maƙwabcina a hannu. Yana ɗaure a gindin dogon yaro da igiyar da ba ta kai taku uku ba, yini yake yana kai da komo. Tun da na karanta maganar Alhaji ban iya kallonsa. Ku ba ni shawara, in kai shi bayan gari in sake shi?

Ma'aikaciyar Jinya a Gusau:
Yaya, kafin maganar biri, yarinyar da ya ciza an kai ta asibiti? In ba a kai ta ba a kai ta yau, kada a ce ai ciwon ya bushe. Cizon biri ana ɗaukarsa kamar cizon kare, likita zai duba ko tana buƙatar allurar haukan kare da ta sandarewar jiki. Duk wanda dabba ta ciza, abu na farko a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na kamar minti 15, sannan a tafi asibiti.

Tunda an zo nan bari in faɗi wani abu ga masu son zuwa irin waɗannan wuraren. Jikinmu da na manyan birai ya yi kusa ƙwarai, shi ya sa cuta ke ƙetarawa ta kowane ɓangare. Murar da za ta yi maka kwana uku tana iya kashe cimfanzi. In kana tari ko zazzaɓi kada ka matsa kusa, kada ka miƙa musu ragowar abincinka, kada ka taɓa su. Ita kuma cutar da muke kira ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Najeriya a 2017, sunan ne kawai ya bi biri saboda a jikin biran gwaji aka fara gano ta a Denmark a 1958. Masana sun fi zargin ɓeraye da kurege da danginsu.

Mai Shago a Argungu:
An wanke mata an sa magani a kemis kawai. Zan je in sami babanta yanzu mu kai ta, ni zan biya. Na gode 'yar uwa.

Ɗalibin Gandun Daji:
Game da sakinsa, don Allah kada ka yi. Birin da ya tashi a hannun mutane bai san abin da ake ci a daji ba, bai san abin gudu ba, kuma garken daji ba lallai su karɓe shi ba. Gidajen mutane zai koma nema, a ƙarshe yara su jefe shi ko karnuka su yayyaga shi. Abin da ya sa wurare irin na Afi suke haɗa marayu garke guda su shekara da shekaru tare ke nan, sai sun koyi zama birai tukuna. Ka je sashen gandun daji na ma'aikatar muhalli a Birnin Kebbi ka yi musu bayani, su ne ke da hurumin karɓa ko su nuna maka inda za a kai. Kafin nan ka cire igiyar daga wuya in a wuya take, a ɗaura a ƙugu da ƙyalle mai laushi, a tsawaita ta yadda zai iya hawa reshe, a ajiye ruwa kullum, yara kuma su daina tsokanarsa. Kuma jama'a a sani, tun 1985 akwai dokar ƙasa da ta hana kamawa da cinikin dabbobin da ke cikin haɗari, an ƙara mata tsanani a 2016. Cimfanzi da gorila da diril duk suna ciki.

Malam na Zaure:
Allah ya saka wa mai shago da alheri da ya fito ya faɗi gaskiya. Hadisi ya inganta cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ya kuma inganta cewa an gafarta wa wani saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. A Suratul An'am aya ta 38 Allah ya gaya mana dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Ga 'yar uwa Uwar Marayu da ɗan uwa na Dansadau kuma, haƙƙin maraya ɗan Adam yana gaba, babu jayayya, kuma duk wanda ke da hali a gidan nan ya san inda 'yan gudun hijira suke a garinsu. Amma ban taɓa ganin wanda tausayin dabba ya rage masa tausayin mutum ba. Yaron da ya saba jifan abin da ke ɗaure yana dariya, shi nake jin tsoro in ya girma.

Uwar Marayu:
Na karɓa Malam. Zafin abin da nake gani kullum ne ya sa na faɗa.

Malamar Firamare:
Alhaji, ni dai zuciyata ta tafi can. Mutum zai iya zuwa da iyali? Yaya maganar masauki da abinci da salla?

Ɗan Aliero:
Zai iya Malama, amma a shirya. Daga nan kwana biyu ne a mota, ba tafiyar yara ƙanana ba ce. A je da rani, tsakanin Nuwamba da Maris, don da damina hanyar ƙauyen ko kabu-kabu da ƙyar yake wucewa, kuma ruwan can ba irin namu ba ne. Masaukin ɗakunan katako ne a cikin daji da gidan sauro, babu wutar NEPA, waya ma sai ka nemi inda take kamawa. Ku sayi shinkafa da mai da kifin gwangwani tun daga Ikom ku dafa da kanku, hankalinku zai fi kwanciya. Ni na yi sallata a barandar ɗakin ba wanda ya ce mini komai, yaron ma shi ya ɗebo mini ruwan alwala daga rafi. A sa takalmi rufaffe da riga mai dogon hannu saboda ƙananan ƙudaje masu cizo. In da rani kuka je ku ce a kai ku wajen garin Boje da yamma, tsattsewa da ke tahowa daga Turai suna sauka kwana a ciyawar gangaren dutse, dubun dubata.

Wanda ba zai iya shiga dajin ba, gidan renon na farko yana nan cikin garin Kalaba, akwai diril a ciki. Ka sauka a Bogobiri wajen 'yan uwanmu Hausawa, ga masallaci ga tuwo, ka hau mota ka je ka gani ka dawo.

Ɗalibin Gandun Daji:
In kuma ɗalibai za a kai, Yankari ta fi kusa da sauƙi, ga bika har bakin ɗakuna ga ruwan Wikki. Mai son ganin dajin cimfanzi a arewa kuma sai Gashaka Gumti a Taraba da Adamawa, shi ne gandun ƙasa mafi girma a Najeriya. Ko'ina dai a tambayi halin hanya kafin a tashi.

Ɗan Dansadau:
Baba, na dawo gare ka. Jiya da dare na karanta wa tsohuwata abin da ka rubuta. Da na zo wajen haushin bika da asuba sai ta ce in tsaya, ta ce haka ne, daga dutsen da ke bayan gonarmu suke yi, kuma marigayi babanmu da shi yake gane lokacin tashi ya yi. Ta ce akwai wani mai gadin daji dogo da ke tsayawa gidanmu ya sha fura in ya fito sintiri, ta ce in tambaye ka ko kai ne. Har yanzu ina kan bakana cewa a fara mayar da mutane gidajensu kafin a yi zancen namun daji. Amma in Allah ya sa mun koma, ina so yarana su ji wannan haushin, su ukun ƙarshe ba su san komai ba sai ƙarar babura.

Baba Tsohon Mai Gadin Daji:
Ka gaishe min da ita da kyau. Mu da yawa mun sha hura gidajen bakin dajin ga, kuma ni gajere ne, dogon da take nuhi ina jin abokin aikina ne, ya riga mu gidan gaskiya shekara tara ke nan. Ka turo wa jikana lambarka ta akwatin sirri, in na shigo Gusau ganin likitan ido wata mai kamawa zan biyo in gaishe ta.

Mai Shago a Argungu:
An kai yarinyar, an yi mata allura ta farko, sun ba mu ranakun komawa. Na kuma sauya igiyar, yanzu yana kan reshe tun safe bai sauko ba. Ranar Litinin zan shiga Birnin Kebbi. Ɗalibi, kafin nan me ya kamata in riƙa ba shi? Tuwo da biredi muke ba shi tun yana ƙarami.

Ɗalibin Gandun Daji:
A rage biredi da duk abin da ke da sukari. A ba shi gyaɗa, wake dafaffe, gwaiba ko mangwaro kaɗan, ɗanyen ganye, da ƙwai dafaffe wani lokaci. In yara sun kamo fara a ba shi, a daji ƙwari da ƙaron ƙaya ne yawancin abincinsa. Ka rubuto mana abin da suka ce maka ranar Litinin ɗin.